Kasadar Shiga Gidan Wani: 'Yan Mishan da Ƙasar Hausa, 1890-1932

Duk ɗalibin da ya fara nazarin Hausa a jami'a ba ya daɗewa sai ya ci karo da waɗansu sunaye na Turawa: Schön, Robinson, Miller, Vischer, Bargery. Yakan haddace shekarun da littattafansu suka fito saboda jarrabawa, ya wuce. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da ya haɗa waɗannan mutane da Hausa tun farko ba. Amsar kuwa ita ce, dukkansu ta ƙofar mishan suka shigo. Nahawu da ƙamus guzuri ne kawai a wurinsu. Inda aka nufa shi ne a yi wa Musulmin ƙasar Hausa wa'azin addinin Kirista cikin harshensu. A wannan takarda za mu bi sawun wannan yunƙuri, musamman tafiyar da aka yi zuwa Kano a 1900 da abin da ya biyo bayanta a Zariya, mu ga irin kasadar da ke ciki, da kuma wanda ta fi faɗa wa.

Daga zango

Kafin a kai Kano sai a fara da zango, domin a can ne Turawa da yawa suka fara jin Hausa. Duk inda fatauci ya kai Bahaushe yakan kafa unguwa, da masallacinta, da sarkinta, da mahautanta, da makarantar allo. Akwai irin wannan a Kumasi da Akara da Ibadan, akwai a Turabulus da Tunis, akwai kuma a Yawunde, babban birnin Kamaru, inda unguwar Briqueterie take. Sunan na Faransanci ne, ma'anarsa wurin buga jan bulo, Hausawa kuwa tun zamanin mulkin Jamus suke cikin birnin. Misalin Yawunde yana nuna abin da aka saba gani. A 1901 limaman Katolika Jamusawa na ƙungiyar Pallottine suka kafa gidan mishan a kan tudun Mvolyé, suka koyi harshen Ewondo, suka buɗe makaranta, ba a daɗe ba coci ta cika da mutanen ƙasar. Hausawa suna nan cikin gari ɗaya da su, suka ci gaba da sallarsu da cinikinsu, har yau kuwa an san Briqueterie da unguwar Musulmi. Haka abin yake a yawancin Afirka ta Yamma: ɗan mishan yakan tafi inda ake amsa masa, wato wurin masu addinin gargajiya, ya bar Musulmi da littafinsu. Wanda ya bar wannan hanya ya nufi birnin Musulmi, to ya fita daga inda coci ta saba.

Me ya sa waɗansu suka fita? Zangon nan ne ya ja hankalinsu. Sun ga harshe ɗaya ana ciniki da shi daga bakin tekun Bahar Rum har dazukan kurmi, har Charles Robinson ya ƙiyasta masu jinsa sun kai miliyan 15. Sai suka yi lissafi cewa idan Bahaushe ya karɓi bishara, shi da kansa zai ɗauke ta tare da goro da kanwa da baƙin Kano ya kai kowane zango, ba sai an biya shi ba. Lissafin dokin Rano ke nan. Abin da ba su auna da kyau ba shi ne, cikin kayan falken nan akwai addini tun tuni, kuma shi ne yake ta saukewa a zangon da suke hange.

Waɗanda suka kwanta a hanya

Yunƙurin ya girmi ƙarni na 19. A 1710 waɗansu limaman Katolika biyu na ɗariƙar Faransiskan, Carlo da Genova da Severino da Salesia, suka tashi daga Turabulus suka bi ayari ta Murzuk da Agadas, saboda jita-jitar da ta kai Rum cewa akwai Kiristoci a can cikin ƙasar Sudan. Sun iso Katsina, ciwo ya kashe su duka biyu a 1711.

Shekara 130 bayan haka, wato a 1841, gwamnatin Ingila ta aika jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara. Cikin matafiyan akwai James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta cocin Ingila wadda aka fi sani da C.M.S., da kuma Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, aka juyo. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya koyi harshen daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, daga baya kuma daga bakin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya kai Ingila a 1855. Daga nan nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 da Magana Hausa na 1885 suka samu. Yana da kyau ɗalibi ya lura cewa babban kaso na abin da ke cikin Magana Hausa daga bakin Dorugu ya fito, ko da yake sunan Schön ne a bango. Wannan rabo, wato Bature ya sami suna, Bahaushe ya ɗauki kaya, za mu sake gamuwa da shi a gaba.

Mutanen da suka fi kowa tunani a kan ma'anar kasada su ne waɗanda suka sauka Lakwaja a 1890 ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke, saurayin da bai kai shekara 30 ba, da John Alfred Robinson. Sun sa riga da rawani, sun ci abincin gari, sun zauna yadda mutanen gari ke zama. Daɗin daɗawa, sun shelanta cewa ba su neman kariyar gwamnatin Ingila, duk hukuncin da sarkin Musulmi ya yanke musu sun ɗauka. Hujjarsu ita ce, tunda Musulmin da ya amsa kiransu zai iya rasa ransa a ƙarƙashin hukuncin ridda, bai kamata wanda ya kira shi ya fake a bayan tuta ba. A ganina, a duk wannan tarihi ba a yi maganar da ta kai wannan adalci ba. Sai dai zafin ran da ya haifi maganar shi ne kuma ya sa suka juya kan limamai baƙar fata da ke aiki ƙarƙashin Bishop Crowther a bakin Kwara, suka zarge su da lalacewa, aka dakatar da waɗansu, aka kori waɗansu. Tsohon ya rasu cikin baƙin ciki a ranar ƙarshe ta 1891. Ke nan mutanen da suka shirya ƙasƙantar da kai a gaban Sarkin Kano sun kasa yin haka a gaban abokan aikinsu. Robinson ya mutu a 1891, Brooke a 1892, dukansu a Lakwaja, ba wanda ya ga ganuwar Kano.

Don tunawa da Robinson ne aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ta ɗauki ɗan'uwansa Charles a matsayin ɗalibinta na farko. Ya fara da zangon Turabulus da na Tunis, sa'an nan ya shiga Kano a ƙarshen 1894, lokacin yaƙin basasar Tukurawa da Yusufawa bai gama lafawa ba. Ya yi kamar wata uku yana tara kalmomi da rubuce-rubucen ajami, ya fita lafiya. Daga baya ya koyar da Hausa a jami'ar Kambirij, ƙamusunsa ya fito a 1899 da 1900. Abin lura a nan shi ne Kano ba ta ƙi baƙo don yana Nasara ba. Barth ya shige ta a 1851, Robinson ma ya shiga. Mai neman sani da mai ciniki suna da gurbi a birnin, an san inda za a sauke su.

A wannan tsakani ne kuma samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko a watan Disamba na 1893, ba wata babbar ƙungiya a bayansu. Gowans ya mutu a Girku, kudu da Zariya, Kent ya mutu a Bida, duka a 1894. Bingham kaɗai ya koma gida, kuma daga gare shi ƙungiyar S.I.M. ta tsiro.

Hangen Dala

Tafiyar 1900 ita ce wadda aka fi shiryawa. Mutum biyar ne: Bishop Herbert Tugwell, da likita Walter Miller, da limamai biyu, A. E. Richardson da Claud Dudley Ryder, da kuma J. R. Burgin. Miller da Richardson da Ryder sun riga sun zauna a Turabulus suna koyon Hausa daga bakin fatake da alhazai. A can ne Miller ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Audu, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyarsu ta zuwa Makka. Yaron ya sauke farali, daga baya ya koma wurin Miller, ya zama kamar ɗansa kuma malaminsa na Hausa.

Suka tashi daga Ikko a farkon shekara da 'yan alaro masu yawa, suka biyo ta Jebba. Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Lugga, bai so su wuce inda sojansa za su iya kare su ba, amma suka wuce. A Zariya Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu, har ya so su zauna. Shi ma yana da nasa lissafi, domin Sarkin Sudan na Kwantagora ya dame shi da hare-hare, abota da Turawa kuwa za ta yi masa rana. Su dai Kano suka ƙudurta, suka ci gaba, suka shiga birnin a watan Afrilu.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya dubi abin ta idon Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu. A 1897 sojan kamfanin Turawan Ingila sun ci Bida da Ilori. A 1899 Faransawa sun kama Damagaram, maƙwabciyarsa ta arewa. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya kafa tuta a Lakwaja ya ce duk ƙasar nan ta shiga ƙarƙashin Ingila, ba tare da an shawarci Kano ko Sakkwato ba. A cikin watan Afrilun nan ne ma Faransawa suka kashe Rabe a Kusiri, can bakin kogin Shari. Ana cikin wannan hali sai ga Turawa biyar da ayarin kaya a ƙofar gari, suna cewa su malamai ne da likita. Wane sarki ne zai gaskata? Bisa ga abin da su kansu suka rubuta, Alu ya gaya musu ba a bukatarsu, abin da Kano ke nema na addini yana cikin Alƙur'ani, ya ba su kwana uku su tattara su fita, daga baya aka ƙara musu zuwa mako guda. Ba a taɓa lafiyar kowa ba. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Waɗannan sun shiga birnin da ƙafarsu, amma ba su wuce matsayin mai hange ba.

Suka koma kudu suka yada zango a Girku, garin da Gowans ya mutu shekara shida kafin nan. Atuni ya kashe Ryder, aka mai da Richardson gida ba lafiya, wuta ta cinye gidan mishan, Bishop ya koma bakin aikinsa a kudu. A 1901 aka janye zuwa Loko a bakin Binuwai. Miller da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa, shekaru da yawa bayan haka, cewa zuwansu Kano babban kuskure ne.

Ina kuskuren yake? Ba a rashin ƙarfin hali ba, domin sun san abin da ya sami waɗanda suka riga su, kuma suka taho. Sun shirya wa zazzaɓi, sun shirya wa takobi. Abin da ba su shirya wa ba shi ne ladabin baƙunta. A ƙasar Hausa baƙon fada yakan aika tun daga nesa, ya jira izini, ya sami wanda zai yi masa iso, kuma ya san lokacin da bai kamata a yi sallama ba. Shekara ɗaya ta koyon nahawu a Turabulus ba ta koya wa mutum wannan. Bayan haka, ko sun so ko sun ƙi, inuwar bindiga tana biye da su. Zargin Alu bai zama banza ba, domin kafin shekara uku ta cika, a farkon Fabrairun 1903, sojan Lugga sun fasa ganuwar Kano. Shi Alu an kama shi aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Miller kuwa bai ɓoye goyon bayansa ga cin ƙasar ba, yana ganin ita ce za ta kawar da cinikin bayi ta buɗe masa ƙofa.

Cikin ganuwar Zazzau

Ƙofar ba ta buɗe yadda ya zata ba. A watan Maris na 1903, bayan an ci Sakkwato, Lugga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba. Gwamnoni da razdanonin da suka biyo bayansa suka fassara wannan alkawari da cewa ba ɗan mishan da zai zauna a birnin sarki sai da yardar sarki, yardar kuwa ta bakin razdan take fitowa. Boren Satiru na 1906 ya ƙara musu tsoro. Sai abin ya juye: tutar da Brooke ya ce ba ya so ita ce yanzu take tsare ran ɗan mishan, ita ce kuma take ɗaure masa ƙafa.

Zariya ce kaɗai ta zama daban, saboda sanayyar da ke tsakanin Miller da Lugga. A 1905 ya sami wuri cikin birni a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Daga wannan lokaci babu mai iya cewa ran Miller yana cikin haɗari, tunda ga bariki nan kusa. Kasadar ta tashi daga kansa ta koma kan waɗanda suka saurare shi. A fikihun Malikiyya da ake bi a ƙasar, bambancin addini yana hana gado, ridda kuma tana raba aure. Turawa sun hana a kashe wanda ya bar Musulunci, amma ba su da ikon sa uwarsa ta ci abinci da shi, ko surukinsa ya bar masa mata. Likita yana da hutu a Ingila duk bayan 'yan shekaru. Malam Fate, wanda yana cikin na farko da aka yi wa baftisma a Zariya kuma ya taimaka wajen fassara, ba shi da wata ƙasa da zai je hutu. Haka Audu na Turabulus. Mutanen da suka amsa cikin birnin ba su da yawa, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san farashin.

Zaman Miller da fada ma bai yi daɗi ba. Ya riƙa kai ƙarar sarki wurin Turawan mulki a kan zalunci, ƙorafe-ƙorafensa kuma suna cikin abubuwan da suka jawo aka tuɓe Aliyu ɗan Sidi a 1920 aka kai shi Lakwaja. Ɗaliban adabi sun san wannan sarki a matsayin ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙin Hausa na farkon ƙarni na 20. Ko da gaskiya a cikin ƙarar, baƙon da ya sa aka tuɓe mai gida ya san irin kallon da gari zai yi wa 'ya'yansa.

Labarin da ya fi nuna nauyin da Hausawa suka ɗauka shi ne na Isawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birnin, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda, yana kuma wa'azin dawowarsa. An kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa suka watse zuwa iyakar Ningi da ƙauyukan gabashin Zazzau, suka riƙe koyarwarsa a tsakaninsu. Duk wannan ya faru babu Bature ko ɗaya a wurin. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo Zariya wurin Miller da ƙafarsu, suna neman ƙarin bayani a kan Isa. 'Yan mishan suka ga kamar abin da suka yi shekara da shekaru suna roƙo ne ya zo har gida. Aka shawarta a tara su wuri ɗaya inda za su yi noma da ibada ba tsangwama, aka zaɓi Gimi a ƙasar Zazzau, aka sa W. A. Thompson, limami baƙar fata daga tsibiran Karebiya, ya zauna da su. Mutane suka bar gonakinsu da danginsu suka taru. Wurin kuwa akwai ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, ƙauyen ya watse, aka kwaso waɗanda suka rage, galibi yara, zuwa Zariya. Sunayen Gowans da Ryder suna cikin littattafan tarihin mishan. Mutanen Gimi da suka mutu sun ninka duk Turawan da muka ambata, kuma a jimlace ake ambatonsu.

A 1929 gwamnati da fada da shugabannin C.M.S. suka daidaita a fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, 'yar tazara kaɗan daga birni. A can aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, gini irin na magina Hausawa, da asibitin St. Luke, da makaranta. Miller bai yarda da ƙaurar ba, yana ganin gudu ne daga fagen da aka sha wahalar samu. Ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952. Amma daga 'yar ƙaramar al'ummar nan ne Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan zamani na farko daga Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Daga cikinta John Tafida ya fito, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, jinin Isawa ne.

Sauran masarautu ta wata ƙofa aka shige su, ƙofar da ba wanda ke rububinta. A shekarun 1930 hukumomin En'e suka yarda S.I.M. ta kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi a ƙasar Nijar a 1950. Kuturu mutum ne da gari ya riga ya tura bayan ganuwa, saboda haka zama da shi bai tsone wa kowa ido ba, kuma a cikin irin waɗannan mutane ne aka sami masu amsawa da dama.

Abin da ya rage a baki

Ga ɗalibin harshe, gadon wannan tarihi yana cikin rubutun da yake karantawa yanzu. Miller yana cikin waɗanda suka matsa wa Lugga a rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa maimakon ajami, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne a raba karatu da malaman allo. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya zo da sunan C.M.S. a 1901, ya koma aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A wannan makaranta Dorugu ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa. G. P. Bargery ma ɗan mishan ne kafin ya koma sashen ilimi, ƙamusunsa na 1934 kuwa har yanzu ana komawa gare shi. Sunan da Hausawa suka ba wannan rubutu ya isa shaida a kan yadda suka karɓe shi. An daɗe ana cewa "boko" daga kalmar Ingilishi ta littafi ta samo asali, amma Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko.

Fassara ma tana da nata haɗari. Duk kalmar addini da mai fassara ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ya tarar Musulunci ya riga shi: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, aljanna, Linjila, Almasihu. In ya ɗauka, kalmar ta zo da ma'anar da malamai suka ɗora mata shekaru aru-aru. In ya ƙi, ba mai gane shi. Aka ɗauki Allah ba gardama, kuma shi Kiristan Hausa yake kira har gobe. A sunan ɗan Maryamu kuwa aka rabu, coci ta ce Yesu, masallaci ya ce Annabi Isa, ko da yake sunan Isa ne ya kawo mutanen Gimi. Hausawa da Fulani Kiristoci kuma sun zaɓar wa kansu sunan Masihiyawa, daga Almasihu, wato sun koma ga tushen Larabci da maƙwabtansu Musulmi suka sani.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, Miller ne jagoran aikin. An yi shi ne domin malaman Kano da Zariya, amma waɗanda suka fi karanta shi su ne Angasawa da Birom da mutanen kudancin Zariya da na Adamawa da Gwambe, waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ne. Da yake harsunansu suna da yawa, 'yan mishan ba su iya fassara wa kowa nasa, sai Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa da makarantar Lahadi a tsakaninsu. Shi ya sa manyan coci-cocin yankin suke ɗauke da sunayen Hausa, kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta samo asali a Garkida a 1923, da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan da aka kafa a 1955, wadda daga baya aka sauya ƙarshen sunanta ya koma Nijeriya. Mahaifin Janar Yakubu Gowon ma Ba'angashe ne mai koyar da bishara, aikin C.M.S. ne ya kawo shi Wusasa, a can ɗan nasa ya tashi yana jin Hausar Zazzau.